Don WhatsApp Ya Buɗe Ba Shi Ne An Gama Aiki Ba

Rubutuna na wannan makon a kan wata 'yar farar na'ura ne mai kama da faifai, wadda kuke gani maƙale a silin otal, banki ko ɗakin karatu tana ƙyafta haske. Ita ke rarraba Wi-Fi a ginin. A ganina, da yawa daga masu girka ta a garuruwanmu rabin aiki suke yi su karɓi cikakken kuɗi, kuma mai biyan kuɗin bai ma san an rage masa komai ba.

Na fara gane haka ne lokacin da nake SIWES, ina poli. An kira ogan da nake bi zuwa wani ofishi mai hawa biyu, wai intanet na yawan yankewa. Akwai irin na'urar nan guda goma sha ɗaya a ginin. Da muka buɗe shafin sarrafa su a kwamfuta, sai ga su a jere, kowacce da sunan da ta zo da shi daga masana'anta, wato tarin lambobi da haruffa. Shafin ya nuna ɗaya ce ke mutuwa tana farfaɗowa, amma a wane ɗaki take? Babu wanda ya sani. Ni ne yaro, don haka ni na saɓi tsani, ina hawa ina ciro kowacce ina karanta lambar bayanta, Oga na ƙasa yana cewa “ba ita ba ce, sauko.” Sai bayan la'asar muka same ta. Da wanda ya girka ya zauna na minti ɗaya ya rubuta mata “hawa na biyu, ɗakin taro”, da kafin azahar mun koma shago.

Sunan ma da sauƙi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne agogo. Da Oga ya buɗe rajistar da na'urar ke rubuta duk abin da ya same ta, sai muka ga komai wai ya faru ne a 1 ga Janairu, 1970. Dalili kuwa, da yawa daga na'urorin nan ba su da ɗan batirin da ke riƙe lokaci irin na cikin kwamfuta. Da an ɗauke wuta sun manta ranar, in ta dawo sai su tambayi wata uwar garke ta hanyar tsarin NTP, wanda David Mills ya ƙirƙiro tun shekarun 1980. Idan ba a gaya musu inda za su tambaya ba, ko an toshe musu hanya, sai su koma ranar da tsarin Unix ke fara ƙirga lokaci, ko ranar da aka haɗa manhajarsu. To ku lissafa sau nawa ake ɗauke wuta a rana, sau nawa ake juyawa zuwa janareta. Rajistar da ba ta san ƙarfe nawa ba, ta yaya za ta gaya maka ko yankewar ta zo daidai da lokacin tada janareta? Ga kuma takardar shaidar tsaro da na'urori ke gane juna da ita, tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na'urar da ke zaton ana 1970 za ta iya ƙin amincewa da ita, kai kuma ka wuni kana zargin waya. Ko bayan an saita NTP, a tuna a zaɓi lokacinmu, wanda ke gaba da UTC da awa ɗaya.

Sai saitin ƙasa. Kowace ƙasa da tashoshin da ta yarda a yi amfani da su, da iyakar ƙarfin da za a watsa. A zangon 2.4 GHz, Amurka ta tsaya a tasha ta 11, Turai kuma har ta 13. A zangon 5 GHz akwai tashoshin da ake tarayya da na'urorin rada, dole na'urar ta saurara kafin ta shiga, ta kuma kauce in ta ji su. A nan gida hukumar NCC ke tsara wannan. Amma na sha ganin mai girki ya zaɓi wata ƙasa da gangan, wai don siginal ya ƙara ƙarfi. Wannan wayon banza ne. Ko na'urar ta yi ihu har bakin titi, wayarka da 'yar ƙaramar muryarta za ta amsa, sai ka ga sanduna cike amma shafi ya ƙi buɗewa.

Kalmar sirri kuwa biyu ce, mutane ɗaya suka sani. Akwai wadda ake ba baƙo ya hau Wi-Fi, akwai ta shiga cikin na'urar kanta, kuma ita ce ake bari yadda ta zo. Tsofaffin na'urorin Ubiquiti da “ubnt” suke zuwa a suna da kalmar sirri, na MikroTik kuma sun daɗe suna zuwa da “admin” babu kalmar sirri ko ɗaya. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, yana cikin littafin da ke kwalin. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta riƙa gwada irin waɗannan kalmomi, kusan guda 60 kacal, ta ƙofar Telnet, ta tara dubban na'urori. Da su aka kai wa kamfanin Dyn hari a 21 ga Oktoba na shekarar, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗe wa mutane da dama a Amurka. Gaskiya yawancin abin da ta kama kyamarori ne da na'urorin gida, amma sakacin iri ɗaya ne.

Na san abin da abokan sana'ata za su ce: mai aiki ya matse farashi, kuma da WhatsApp ya buɗe a wayarsa ya ce an gama. Akwai gaskiya a ciki, ni ma an taɓa yi mini. Sai dai duka saitin nan bai kai awa guda ba, kuma a tsarin da ake sarrafa na'urorin daga wuri ɗaya, lokaci da ƙasa sau ɗaya ake sawa duka su ɗauka. Wanda ban da uzurin da zan ba shi shi ne mai canza kalmar sirrin ya tafi da ita a kansa, don kada a kira kowa sai shi.

Idan a wurin aikinku za a yi irin wannan girki, kafin a biya cikon kuɗi ku nemi takarda mai sunan kowace na'ura da ɗakin da take, da kalmar sirrin shiga cikinta a hannun shugaban wurin. Sannan ku sa a kashe wutar a kunna a gabanku, a buɗe shafin, ku duba ranar da na'urar ta rubuta.