Ba Kowane Zaɓaɓɓe Aka Zaɓa Ba

Turanci yana da kalmomi biyu da suka fito daga tushe ɗaya na Latin, legere, wato tsinta ko ɗauka. Ɗaya ita ce "elect", ɗayar kuma "select". A siyasar yau, "elect" na nufin jama'a sun kaɗa ƙuri'a, an ƙirga, mai rinjaye ya yi nasara. "Select" kuwa mutum ɗaya ko 'yan tsiraru ne suka duba suka ɗauki wanda ya yi musu. Mu a Hausa mun zuba su duka cikin tukunya ɗaya, mun kira su "zaɓe". A nan ɓarnar take.

Idan gwamna ya zauna da mutum biyar a ɗaki ya fitar da ɗan takara, washegari sai mu ji a rediyo cewa "jam'iyya ta zaɓi wane". Wa ya zaɓe shi? Da wace ƙuri'a? Ai muna da sunan abin: naɗi, ko ɗauki-ɗora. Ko Dokar Zaɓe ta 2022, da ta yarda da ɗan takarar maslaha, ta gindaya sharaɗin sai sauran masu neman takarar sun amince a rubuce.

Kada wani ya ce mana gardamar kalma aikin banza ce. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa majalisun ƙananan hukumomi su zama "democratically elected", wato waɗanda jama'a suka ɗora da ƙuri'a. Gwamnoni sun shafe shekaru suna naɗa kantomomi a madadinsu, har ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kantoma ba ya cikin wannan tanadi, kuma bai kamata kuɗin tarayya ya shiga hannunsa ba.

Masu cewa "zaɓa" ta wadatar suna da hujjarsu: a kasuwa ma zaɓen tumatir muke yi. Amma tumatir ba ya riƙe baitulmali.

Don haka muna kira ga 'yan jarida, masu fassara da marubuta: wanda ya ci ƙuri'a a ce masa zaɓaɓɓe, wanda bai sha rantsuwa ba tukuna a ce mai jiran gado, wanda aka ɗora kuwa a ce naɗaɗɗe. Mu daina ba wa ɗauki-ɗora aron sunan ƙuri'armu.