RUWAN DA AKE KAWOWA BAYAN GOBARA

A watan Yuli na shekarar 2023 wata gidauniya a Ingila mai suna Lankelly Chase, wadda ta daɗe tana raba kuɗin agaji ga ƙungiyoyin taimakon talakawa, ta ba da sanarwar cewa za ta rufe kanta cikin shekara biyar, ta rarraba dukiyarta, kimanin fam miliyan 130. Hujjarta ita ce tsarin agajin da take aiki a cikinsa ya cakuɗe da jari-hujjar mulkin mallaka. Mu ɗalibai, jikokin waɗanda aka mallaka, muna da abin faɗi a kan wannan, domin talakawan da ake magana a kansu baƙaƙe ne da mutanen Asiya, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu yawa da ke zaune a unguwanni irin su Peckham ta birnin Landan.

Talaucin Ingila yana da launi. Binciken da gidauniyar Joseph Rowntree ke fitarwa shekara-shekara ya nuna cewa kusan rabin mutanen gidajen 'yan asalin Bangladash da Pakistan suna cikin talauci, alhali a cikin Turawa abin bai wuce wajen mutum ɗaya cikin biyar ba. Tun kafin gwamnati ko wata gidauniya ta waiwaye su, waɗannan mutane sun san yadda za su riƙa junansu. Baƙaƙen tsibiran Karibiyan da suka fara sauka da jirgin ruwan Windrush a 1948, da bankuna suka hana su rance, da adashi suka sayi gidaje, irin adashin da iyayenmu mata ke yi a nan. Da suka ga ana tura 'ya'yansu makarantun masu raunin ƙwaƙwalwa ba gaira ba dalili, abin da Bernard Coard ya tona asirinsa a ɗan littafinsa na 1971, sai suka buɗe makarantun ranar Asabar a coci-coci da ɗakunan haya. Ƙungiyoyin da ake cewa a tallafa wa yau daga nan suka samo tushe.

To, yaushe kuɗi ke zuwa musu? Duk wanda ya bi tarihin zai ga cewa sai an yi gobara. A watan Afrilu na 1981 samarin Brixton suka yi artabu da 'yan sanda, wutar ta kama Toxteth ta birnin Lifaful, alƙali Scarman ya rubuta rahotonsa, nan da nan aka buɗe bakin aljihu. Majalisar birnin Landan ƙarƙashin Ken Livingstone ta yi ta ba ƙungiyoyin baƙaƙe kuɗi, har zuwa 1986 da gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar baki ɗaya, ƙungiyoyi da dama suka bi ta kabari. Tun a wancan zamani marubuci A. Sivanandan ya yi kashedin cewa irin wannan kuɗi yana raba kan jama'ar da a da ke gwagwarmaya tare, ya mai da su ƙabilu masu kokawa a kan ƙwarya ɗaya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Da ita aka mulki ƙasar nan.

A daren 14 ga Yuni na 2017 dogon benen Grenfell ya kama da wuta, mutum 72 suka rasu, akasarinsu ba Turawan asali ba ne, a cikin ɗaya daga gundumomi mafi arziki a Ingila. Watan azumi ne, kuma Musulmin da ba su kwanta ba saboda sahur suna cikin waɗanda suka riƙa buga ƙofofi suna tada maƙwabta. Masallacin Al-Manaar da coci-coci da kulob-kulob na unguwa su suka buɗe ƙofa, suka ba da abinci da tufafi da wurin kwana, a lokacin da hukumar gunduma ke ta kame-kame. Kwamitin bincike, a rahotonsa na ƙarshe a 2024, ya tabbatar da gazawar hukumar, ya yaba wa jama'ar unguwa. Bayan shekara uku da gobarar annobar korona ta zo, sai wata ƙungiya mai suna Ubele ta yi bincike ta ce tara cikin goma na ƙananan ƙungiyoyin baƙaƙe da 'yan Asiya za su rufe in kullen ya wuce wata uku, saboda ba su da isasshiyar ajiya. A wannan shekara ta 2020 aka kashe George Floyd a Amurka, matasan Biristol suka jefa gunkin Edward Colston, dillalin bayi, cikin ruwa, sai ga gidauniyoyi suna rige-rigen sanar da sababbin asusai. An sake kawo ruwa bayan gida ya ƙone.

Yana da kyau mu dubi yadda ake ba da kuɗin, don a nan cutar take. Akasari na shekara ɗaya ne ko biyu, an kuma ɗaure shi ga wani aiki takamaimai da mai bayarwa ya zaɓa. Za a biya kuɗin taron wayar da kai, amma ba za a biya hayar ɗaki ko kuɗin wuta ko albashin matar da ke buɗe ƙofa kullum ba. Takardar neman kuɗin kuwa shafi ne bisa shafi, da Turancin ofis, ana neman lissafin da akanta ya duba da hujjar ayyukan baya. Babbar ƙungiya tana da ma'aikaci wanda aikinsa ke nan, rubuta irin wannan takarda. Ƙaramar ƙungiyar matan Somaliya da ke dafa abinci a bayan masallaci tana da shugaba ɗaya, wadda ita ce mai tafinta, ita ce direba, ita ce magatakarda, sai tsakar dare take zama ta cika takarda. Babbar ta ci kuɗin, sa'an nan ta dawo ta ɗauki ƙaramar ƙwadago, domin ita ce ta san gidajen mutanen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma maganar inda kuɗin ke fitowa. Tun 1994 da aka kafa cacar ƙasa a Birtaniya, wani kaso na kuɗinta ya zama babbar rijiyar da ƙungiyoyin agaji ke ɗiba, amma ƙungiyoyin Musulmi da yawa ba sa taɓa shi saboda caca ce, ga shi kuwa jama'arsu na cikin mafi talauci. Gidauniyoyin Rowntree da kansu sun amsa a 2021 cewa kamfanin alewar da ya tara musu dukiya ya amfana da koko da sauran kayan da bayi da 'yan aikin tilas suka noma. Idan haka ne, kalmar sadaka ba ta dace da abin da ake bayarwa ba. Mu bashi muke kiransa, kuma ba a taɓa jin wanda ake bi bashi ya sa mai bin sa cika takarda shafi ashirin ba.

Za a ce mana dole a sa ido a kan kuɗi don kada a cinye. Gaskiya ne, kuma mu da muke ganin yadda wasu ƙungiyoyin jaka-a-hammata ke tsiro a garuruwanmu duk lokacin da aka ji ƙamshin dalar agaji ba za mu musa ba. Amma sa ido daban, riƙe linzami daban. Ra'ayinmu shi ne a ba waɗannan ƙungiyoyi kuɗi na shekara biyar ko goma ba tare da ɗauri ba, a saya musu gine-ginen da suke haya, a kuma danƙa jari a hannun asusun da jama'ar da abin ya shafa ke shugabanta, su yanke wa za a ba, su kuma bi diddigin kuɗin da kansu. An fara gwada haka da gidauniyar Baobab, wadda baƙaƙe suka kafa a 2021 suka sa mata sunan bishiyar kuka, kuma Lankelly Chase ta ware mata fam miliyan 8. Miliyan 8 cikin 130 ke nan, daga gidauniya ɗaya tak, sauran manyan kuwa har yanzu dukiyarsu na hannun kwamitocin amintattu da ke zama a ɗakunan taro nesa da Brixton da Peckham.