ZANCEN MALAMI: Ruwan da Ƙasa ke Dafawa

A watan nan zan yi magana a kan wata tambaya da samarinmu na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi suke yawan kawo mini. Suna ganin hotunan Turawa a waya, kowa ya goya jaka a baya, suna yawo wata shida ko shekara guda daga ƙasa zuwa ƙasa, suna kallon birane da wuraren da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa. Sai su ce, "Malam, mu ma yaushe?" Iyaye kuwa da jin haka sai su ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Ni a ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

Bari mu fara da abin da matafiyan ke zuwa gani. Cikin ƙasa akwai zafi. Idan aka haƙa rami, duk nisan kilomita 1 zafi yakan ƙaru da awo 25 zuwa 30 a ma'aunin zafi. Ruwan sama yakan nutse ta tsagar duwatsu har ya kai inda dutse ke da zafi, ya ɗumama, sa'an nan ya sami hanya ya komo sama. A inda narkakken dutse yake kusa, ruwan har tafasa yake yi.

A tsibirin Aislan akwai wani rami mai suna Strokkur wanda ke feso tafasasshen ruwa sama bayan kowane minti 5 zuwa 10. Gida 9 cikin 10 na ƙasar da zafin cikin ƙasa ake ɗumama su. A garin Rotorua na ƙasar Niyu Zilan, warin farar wuta ne ke fara tarar baƙo, kuma 'yan ƙabilar Mawori suna dafa abinci a cikin ruwan. A nan Afirka, mutanen Kenya sun fara samun lantarki daga tururin ƙasa a Olkariya tun 1981. Ashe abin bai tsaya ga kallo ba, akwai darasi a ciki. Wanda ya ce tafiya mabuɗin ilimi bai yi ƙarya ba.

To, amma kun san muna da namu? A Jihar Bauchi, cikin gandun dajin Yankari, akwai ruwan Wikki. Yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau kamar madubi, har ana ganin yashin da ke ƙasa. Zafinsa awo 31 ne, dare da rana, rani da damina. Ko sanyin hunturu ba ya canza shi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Akwai giwaye da ɓauna da dorina, ga kuma birai masu ƙwace abinci a hannun wanda ya yi sakaci.

A Ikogosi ta Jihar Ekiti, ruwan ɗumi da na sanyi suna fitowa kusa da juna su haɗu su zama rafi ɗaya. Wani mishan na Baftis, John McGee, ya je wurin a 1952, daga baya aka gina sansanin matasa na ikilisiya a can. A ƙasar Nijar kuma, arewa da Agadas, akwai Tafadek inda masu ciwon gaɓɓai ke zuwa wanka.

Saboda haka shawarata ga saurayi ita ce, ɗana, ka fara daga gida. Kafin ka yi mafarkin biranen Turai, ka taɓa hawa Dutsen Dala ka dubi Kano daga sama? Ka shiga Gidan Makama? Ka ga marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi? Da yawa cikin yaranmu an haife su a garin nan, amma ba su san waɗannan wurare ba, alhali baƙi suna biyan kuɗin jirgi don su zo su gan su. Ranar Asabar ɗaya ta isa.

Bayan wannan sai Wikki. Daga Ƙauyen Alu zuwa tashar Unguwa Uku ba nisa. Mota takan bi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi. Daga Bauchi a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar Mainamaji. Rani ya fi kyau, gama lokacin ne namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ƙungiyar matasa tana iya yin adashi ta tafi tare da dattijo ɗaya ko biyu. A tambayi direbobi da 'yan'uwa na Bauchi halin da hanya ke ciki kafin a tashi, kada kuma a yi tafiyar dare. A irin wannan tafiya ce yaro ke koyon lissafin guzuri, da rage kaya, da yin magana da baƙin mutane cikin ladabi. Wanda bai iya kwana uku a Bauchi ba, yaya zai yi da wata shida a ƙasar da ba ya jin harshenta?

Ga wanda Allah ya hore masa ya ƙetare teku, ina da gargaɗi biyu. Na fari, ruwan can ba irin na Wikki ba ne. Ƙasar da ke kewaye da shi ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta tafasasshen ruwa. A dajin Yalosuton na Amurka fiye da mutum 20 sun mutu ta ƙuna a irin wannan ruwa. A ran 9 ga Disamba 2019 wani dutse mai aman wuta ya fashe a tsibirin Whakaari na Niyu Zilan, mutum 22 suka rasu, yawancinsu masu yawon buɗe ido. In an ce a bi ta kan katako, a bi ta kan katako.

Na biyu, yawancin masu goyon jakar nan aiki suka yi suka tara kuɗinsu, suna kwana a ɗakin haya na mutum da yawa, suna dafa abincinsu da kansu, kuma da tikitin komowa a aljihu. Kada a sayar da fili ko a ci bashi don yawon kallo. Kada kuma a ba wani dillali fasfo da kuɗi don ya yi alkawarin biza.

Ku kuma iyaye, kada ku kashe wa yaro sha'awarsa da tsawa. Ku zauna da shi, ku buɗe taswira, ku yi lissafin kuɗin mota tare. In ya ga abin a rubuce, shi da kansa zai san inda ƙarfinsa ya tsaya a bana.

Sai mun sadu a wata mai zuwa. Allah ya kiyaye mu a hanya.