Wa ke biyan kuɗin muryar da kake ji a rediyo?

Ɗan'uwa, kafin ka sake cewa rediyo na tsofaffi ne, tsaya ka ji.

Har zuwa 1992, gwamnati kaɗai ke da ikon buɗe gidan rediyo a Najeriya. A shekarar ne aka kafa hukumar NBC, ta fara ba 'yan kasuwa lasisi. A 2003 Freedom Radio ta buɗe a Kano kan mita 99.5, shirye-shirye irin su Inda Ranka da Kowane Gauta suka ba talaka bakin magana. Yau mu ma ga Vision FM a Birnin Kebbi.

Amma fa ka sani, tashar kasuwanci ba ta karɓar ko sisi daga mai sauraro. Talla da sayar da fili ne ke biyan albashi, da man janareta, da kuɗin lasisi. To, idan 'yan siyasa kaɗai ke sayen fili, muryar wa za ka ji? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Don haka kai mai saida waya a Jega, ke mai turare a WhatsApp, ku kai tallarku rediyo, ko na minti ɗaya ne. In an buɗe layi, ka kira ka faɗi tsadar taki da ke damun manomin albasa a Aliero, da abin da ke ci wa Danwarai da Maiyama tuwo a ƙwarya. Kakarka ba ta Facebook, amma rediyonta ba ya mutuwa.

In ba mu riƙe tashar ba, mai kuɗi zai riƙe mana ita.