Shawara da Zazzaɓi da Ciwon Gefen Dama: Kada a Kwana da Su

Jama'a, a nan Maga da Pus da ƙauyukan bakin tafki, idan idon mutum ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a jiƙa masa sassaƙe, a hana shi mai. Wata shawarar takan tafi da kanta, shi ya sa aka yarda da jiƙon. Amma akwai wadda ba ta jira.

Hanta ce ke yin madaciya, ta turo ta hanji ta wani siririn bututu. Tsakuwa daga matsarmama takan toshe shi, ko ƙari, wani lokaci ma tsutsar ciki ce ke kutsawa. Duk mai noman shinkafa a filayen SEMRY ya san magudanar da ta toshe: ruwa ya tsaya, ya ruɓe. Haka madaciya. Ƙwayoyin cuta su yi yawa a ciki, su faɗa cikin jini. Tun 1877 wani likitan Faransa mai suna Sharko ya bayyana alamunta uku: zazzaɓi mai rawar ɗari, idanu rawaya, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.

Ciwon ya fi yi wa tsofaffi tsanani, musamman wanda ya kai shekara 75, da mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda ko hanta. Tsoho kuwa yakan ruɗe mutane, don jikinsa ba lallai ya yi zafi ba. Sai dai ya yi laushi, ya fara sambatu, fitsari ya ragu, hannuwa su yi sanyi. A gida sai a ce tsufa ne ko iska. A'a, cutar ce ta shiga jini.

Amma a ganina babu haɗarin da ya kai jinkiri. "Bari a sayar da shinkafa tukuna." "Bari mai gida ya dawo." Maganin zazzaɓin sauro ba ya buɗe bututu, ƙwayoyin kasuwa ma haka. Mai wannan ciwo yana bukatar ƙarin ruwa, allurai ta jijiya da hoton ciki, kuma idan ya yi tsanani dole a buɗe wa madaciyar hanya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan yakan sa a tura shi babban asibiti a Marwa ko Garwa.

Daga Maga zuwa Marwa kusan kilomita 80 ne, kun kuma san yadda hanyar take da damina. Ranar da kuka ga alamun, ranar za ku kawo shi. In yana shan maganin suga ko wani magani, ku taho da kwalin.