Baƙon da Ke Zuwa Cikin Katako

 Ran Laraba da ta wuce wani Alhaji, mai fataucin kayan mota, ya shigo zaurena yana huci. Wai an tsare masa kaya a bakin teku kwana da kwanaki, ba don kuɗin fito ba, sai don katakon da aka ɗaure kayan a kai ba shi da hatimi. Ya ce, "Malam, yaushe aka fara neman fasfo wurin itace?" Na yi dariya, amma na ce masa wannan karon gaskiya tana wurin ma'aikata. Ga dalili.

A shekara ta 2002 mutanen Ditiroyit, a ƙasar Amurka, suka ga wani irin itace nasu yana ta mutuwa. Sunansa ash, dogo ne mai ƙwari, da shi suke yin ƙotar gatari da ta shebur. Da masana suka ɓare ɓawon, sai suka tarar da tsutsa ta yi hanyoyi a karkace, kamar rubutun yaron da ya fara riƙe alkalami. Uwar tsutsar wani ƙwaro ne kore shar mai ƙyalli, tsawonsa kamar rabin inci. Tsutsar tana cin wurin nan da ke tsakanin ɓawo da itace, watau hanyar da ruwa da abinci ke bi. Kadan ta kewaye gindin, shi ke nan, cikin 'yan shekaru itace ya bushe a tsaye.

Asalin ƙwaron nan daga ƙasar Sin da maƙwabtanta yake. A can bai zama annoba ba, domin itatuwan can sun saba da shi, kuma yana da abokan gaba masu cinsa. Masana sun fi zaton cikin katakon ɗaure kaya ya haye teku. Da ya sauka kuwa, ba fiffikensa ne ya kai shi nesa ba. Mutane ne suka riƙa ɗaukar itacen wuta a mota daga wannan gari zuwa wancan, tsutsa na kwance a ciki. Itatuwan da ya kashe a Amurka da Kanada miliyoyi ne masu yawan gaske.

To, a wannan shekara ta 2002 ne ƙasashen duniya suka daidaita a kan ƙa'ida guda. Katakon da za a ɗaure kaya da shi a ƙetare iyaka sai an kashe abin da ke cikinsa tukuna. Hanyar da aka fi bi ita ce a gasa shi har zafi ya kai digiri 56 a can tsakiyarsa, ya yi minti 30 a haka. Sa'an nan a buga masa hatimi mai siffar zangarniyar alkama. Hatimin da Alhaji ya rasa ke nan.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Dattawanmu sun fi ni sanin abin da ya sami mangwaro a nan Gana da Togo wajen 1981 da 1982. Wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya zo daga Asiya ya lulluɓe ganye, yana zubar da ruwa mai danƙo, ganyen ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa tawada. Mangwaro ya ƙi 'ya'ya, lemo ma bai tsira ba, zaman inuwa ya gagara. Waɗansu har sare nasu suka yi don haushi. Maganin da ya ci shi abin mamaki ne. Masana suka koma Indiya suka nemo abokin gabansa, wani ɗan mitsitsin zanzaro mai saka ƙwai cikin jikin ƙwaron, aka sake shi a Togo a 1987, ya bazu, abin ya lafa. Mutanen Amurka ma tun 2007 suke sakin irin waɗannan zanzaro da suka samo daga Sin, amma itacen da ya riga ya bushe ba ya dawowa.

Abin da ya sa na tsawaita, mu mutanen zango mu ne matafiya. Kurmin Asante shi ya ba kakanninmu goro, shi ke ba masu katako odum da wawa. Motocinmu kuwa kullum suna kan hanya, daga Tema zuwa Kumasi, daga Kumasi zuwa Bawku. In baƙon ƙwaro zai shiga kurmi, ban ga abin hawan da ya fi namu sauƙi gare shi ba.

Don haka ina roƙon 'yan'uwa fatake, kowa ya gaya wa mai aiko masa kaya ya duba hatimi tun can. Wanda ya je wata ƙasa ya ga dashe ya ba shi sha'awa, kada ya cusa shi cikin jaka a ɓoye. Ya nuna wa ma'aikatan gona na kan iyaka. In kuwa ka ga itatuwa iri ɗaya suna bushewa a jere, ko ɓawo da ƙananan huji, ka sanar da ma'aikatan gandun daji. Akwai ma'aikatar binciken itatuwa a Fumesuwa, nan kusa da Kumasi, aikinsu ke nan.

Alhaji dai bai ce na yi gaskiya ba. Ya shanye shayinsa, ya ce in rubuta masa sunan hatimin a takarda zai aika wa mutumin nasa.