Farautar Barewa a Ƙasar Binuwai: A Buɗe wa Matasa Ƙofar Koyo, Kasuwa ta Juya wa Tarkon Waya Baya

Masu iya magana na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma duk wanda ya san ƙauyukan da ke kudu da Garwa har zuwa Poli da Collire, ya san cewa a gidajen maharba wannan karin magana ta fara ƙaryata kanta. Uba ya ƙware wajen bin sawun gwanki tun daga hantsi har la'asar, ɗa kuwa iyakar abin da ya sani shi ne ya sayi wayar birkin babur, ya ɗana ta a kan hanyar mashaya, ya koma gida ya kwanta. Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana a wannan shafi shi ne, wayar nan a rumfunanmu ake sayen ta, naman da ta kama kuma ta hannunmu yake bi kafin ya tsallaka iyaka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da farko dai ya kamata mu san irin dukiyar da ake magana a kai. Jihar Arewa ta Kamaru tana da manyan gandun daji guda uku. Akwai na Binuwai mai faɗin hekta 180,000, wanda Turawan Faransa suka keɓe tun 1932, aka mai da shi gandun ƙasa a 1968, kuma babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundare tana bi ta gefensa na yamma. Akwai na Buba Njida mai hekta 220,000 a ƙasar Rai Buba, daura da iyakar Cadi. Sai na Faro mai hekta 330,000 a kusa da iyakar Najeriya da duwatsun Alantika, wanda ya zama gandun ƙasa a 1980. A tsakaninsu da kewayensu akwai yankunan farauta kusan talatin da gwamnati ke bayarwa haya. Idan aka haɗa su gaba ɗaya, sun ci fiye da kashi biyu cikin biyar na faɗin jihar. A nan ne mariya da gwanki da kanki da mazo da gada da ɓauna ke zaune, har da babban dangin gwankin nan da Fulani ke kira yamusa, wanda ba shi da na biyu a girma cikin dangin barewa, kuma ƙasashen da ya rage a cikinsu a duniya 'yan kaɗan ne.

Kakanninmu sun san wannan daji, kuma ba su taɓa ɗaukar farauta a matsayin abin da ake wayar gari a fara ba. Sana'a ce kamar ƙira ko dukanci, sai an zauna a gaban mai ita. Yaro kan yi shekaru yana bin ubansa ko ubangidansa, yana ɗauke da gorar ruwa da kwari, ba a ba shi baka ba. A wannan tsakani ne yake koyon karanta ƙasa. Zai san bambancin sawun mariya da na kanki, ya san sawun jiya daga na ɗazu ta yadda bakin ramin kofato ya zube ko bai zube ba, ya murza kashin dabba a hannu ya faɗi lokacin da ta wuce. Zai san cewa mariya tana son fadama da filin bakin kogi, mazo kuwa yana cikin duhuwar rafi, ba ya fitowa sai da asuba ko da almuru. Zai san inda ƙasa mai gishiri take wadda namun daji ke zuwa lasa, da yadda sabon tofon ciyawa bayan an ƙone daji ke jawo su da rani.

Babban darasi shi ne iska. Maharbi na ɗauke da 'yar toka a ƙulle, ya girgiza ta ya ga inda ta nufa, domin dabba na iya yafe wa motsi, amma ba ta yafe wa warin ɗan Adam. A kan tudu da duwatsu irin na Poli da Alantika aikin ya fi wuya, saboda iska na sauya hanya da lokaci: da asuba sanyi na gangarowa kwari, rana na ɗagawa iska ta juya ta hau sama, da yamma kuma ta sake saukowa. Wanda ya san haka zai hau daga ƙasa da sassafe, da tsakar rana kuma ya biyo daga sama. Maharban Hausa har kan burtu sukan ɗaura a goshi, su sunkuya cikin ciyawa suna tafiya kamar tsuntsun yana kiwo, har su kusanci garke ba a ankara ba. Wannan ilimi ne, kuma ba a littafi yake ba, a ƙirjin dattawan da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya yake.

Bayan duk wannan, abin da ke raba maharbi da maɓarnaci shi ne sanin lokacin da ake sauke baka. Farauta aikin rani ce, da damina kowa yana gona, daji na hutawa. Dattawa na hana harbin mace mai ciki ko mai shayarwa, suna kuma hana barin dabbar da aka yi wa rauni, sai an bi jininta ko da za a kwana a daji. A garuruwa da yawa akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa wanda ke tsawatar wa duk wanda ya ƙetare iyaka. Akwai hikima a nan, domin yawancin dangin barewa ɗa ɗaya suke haifa bayan cikin watanni da dama. Wanda ya kashe mace ɗaya ya kashe duk abin da za ta haifa.

Tarkon waya bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba. Ba ya tambayar namiji ne ko mace, gada ce ko raƙumin dawa, ko ma ɗan maraƙin Bafulatani. Mutum ɗaya na iya ɗana da dama a yini, ba kuma zai koma duba su ba sai bayan kwanaki, ya tarar wasu sun ruɓe, wasu kura ta ci, wasu sun tsinke da wayar a ƙafa sun tafi suna ɗingishi har su mutu. Abin da ya samu sai ya yi masa banda, ya yi baƙi ƙirin yadda ba mai iya gane ko naman mene ne. Mu da muke saye mu sayar wa jama'a, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wa ya yanka dabbar da ta shaƙe a waya tsakar dare? Ga kuma masu fita da babur da tocila mai ƙarfi, su haske idon dabba ta tsaya cik su harbe ta. Wannan ba ya bukatar koyo, shi ya sa kowa ya iya.

Sakamakon a bayyane yake. Karkandar ƙasar nan, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, an bi daji ana neman ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 kuma aka bayyana cewa irinta ya ƙare a duniya. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da bindigogin yaƙi sun shigo Buba Njida daga wajen Sudan, suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, har sai da gwamnati ta tura soja. Raƙuman dawan gandun Binuwai kuwa, wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna ba su kai hamsin ba. Ba mu ce mai tarko ne kaɗai ya jawo haka ba, domin garkunan shanu na shiga gandu da rani, masu haƙar zinari sun kafa sansanoni a bakin koguna, gonakin auduga da masara kuma na cin hanyoyin da namun daji ke bi daga wannan gandu zuwa wancan. Amma 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Yola da Mubi su ne shaida cewa a can ɓangaren, in ba a Gashaka-Gumti ko Yankari ba, da wuya yaro ya girma ya ga gwanki da idonsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To me hukuma ta tanadar wa matashin da ke son ya koyi farauta ta halal? A nan ne muke ganin akwai gyara. Dokar daji ta 1994 ta kasa namun daji gida uku: waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan, waɗanda ake harbi da lasisi, da ƙananan da aka sassauta. Ta yarda da farautar gargajiya, amma da kayan da aka yi da itace ko tsiro, don cin gida kawai, ban da sayarwa. Manyan namun kuwa sai mai lasisi da takardar bindiga, a lokacin da aka buɗe farauta da rani. A aikace wannan ƙofa ta baƙi ce. Kowace shekara masu kuɗi daga Faransa da Sifen da Amurka na sauka a filin jirgin Garwa, su biya miliyoyin sefa don su harbi yamusa ɗaya. Wa ke gano musu sawu, ya duba iska, ya kai su har gindin dabbar? Ɗan ƙauyen nan ne. Iliminsa ne ake sayarwa, amma shi ladan yini yake samu, idan kuma ya fita da ƙanensa don ya koya masa, sunansa ɓarawon daji. Tsarin da aka daɗe ana bi na raba kuɗin hayar yankunan ya bai wa gwamnati kashi 50 cikin 100, ƙananan hukumomi 40, jama'ar ƙauyuka 10, kuma manomin da ɓauna ko giwa ta ɓata wa gona zai gaya maka nawa ya gani daga ciki.

A watan Yuli na 2024 an kafa sabuwar dokar daji wadda ta maye gurbin ta 1994, ta kuma tsananta hukunci. A da, wanda aka kama da dabbar da aka haramta taɓawa yana fuskantar ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku. Yanzu abin na iya kai wa shekara 20 da tarar sefa miliyan 50, kuma hukuncin ya shafi mai riƙewa da mai sayarwa, ba mai kisa kaɗai ba. Ɗan kasuwar da ya karɓi ƙullin banda ko fata ya cusa cikin buhun gyaɗa don ribar jaka biyar, ya san da abin da yake wasa.

Wasu za su ce a hana farauta baki ɗaya a huta. Mu ba mu tare da su, domin dajin da ba ya amfanar maƙwabcinsa, maƙwabcin ba zai tsare shi ba, kuma ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su tsaya a kan kowace mashaya. Wasu kuma za su ce talauci ne, a ƙyale yara su nemi abinci. Su ma ba mu tare da su, saboda wanda ya ƙarar da mariyar bana bai bar wa kansa na baɗi ba, balle ɗansa.

Kiranmu ga ma'aikatar gandun daji da namun daji shi ne ta buɗe hanyar koyo. A nan Garwa muke da makarantar horar da ma'aikatan namun daji tun 1970, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka fiye da ashirin suka yi karatu a cikinta. Abin kunya ne a ce ɗan Senegal da ɗan Gabon sun zo sun koyi dajinmu, ɗan Poli kuwa bai san launin ƙofarta ba. A shirya gajeren horo da Fillanci da Hausa, a kawo tsofaffin maharba su koyar da sawu da iska, malaman makarantar su koyar da doka da ƙidayar dabbobi da riƙon bindiga. Wanda ya kammala a ba shi lasisi mai sauƙin kuɗi da ƙayyadadden adadi, a yankin da ƙauyensa ke da haƙƙi. An riga an gwada bai wa jama'a riƙon yankin farauta a Voko da Bantaje a ƙasar Poli, sai a faɗaɗa, a kuma riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a. Masu martaba lamiɓɓe su farfaɗo da sarautar maharba, ta yadda kowane mai fita daji zai kasance yana da ubangidan da za a tuhuma idan ya yi ɓarna.

Mu kuma 'yan kasuwa, namu aikin ba ya jiran sa hannun kowa. Mai sayar da kayan babur ya san bambancin wanda ya zo sayen wayar birki ɗaya da wanda ya zo sayen talatin alhali ko keke ba shi da shi. Direban da ke lodi daga Tuboro ko Mbaibum ya san warin banda. Shugabannin kasuwa da sarakunan pawa su tsai da magana guda, cewa naman da ba a san wanda ya harbe shi da wanda ya yanka shi ba, ba shi da rumfa a wurinmu. Ranar da mai tarko ya rasa mai saye, ranar zai bar waya, kuma ranar ce ɗan maharbi zai ga amfanin komawa gaban ubansa ya ɗauki gorar ruwa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu cin halal, amin.